Hannuna da damin hatsin Baba

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Na iso Karofan daga Madawa. Ƙafar Baba ta kumbura, bai iya zuwa gona, ga hatsi ya nuna. Shekara shida ina tsaron gidan wasan bidiyo, manet, abin latsa wasan, a hannu tun safe har la'asar. Yanzu ni ake jira.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na kasa ɗaure dami. Na ja igiya, babban yatsana ya ɗauki zafi har gwiwar hannu, zangarniya ta watse ƙasa. Hindatu, ƙanwata, ta tattara ta ɗaure. Ba ta yi dariya ba. Allah shi saka mata.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Guga ma ya kuɓuce mani a rijiya.

Litinin, 14 ga Oktoba
Munka kai Baba asibitin mishan bisa moto. Malam Tanko, wanda ya duba ƙafar, ya lura ina murza yatsa. Ya miƙo mani wani ƙarfe mai lamba na auna ƙarfin hannu, ya ce in matse. Na matse iyakar ƙarfina. Baba, daga kwance, ya matse ya wuce ni nesa.
Malam Tanko ya ce, "Aikin mi kake yi, ɗana?"
Na gaya mashi. Bai yi mani wa'azi ba. Ya ce yatsu biyu sun yi aiki fiye da kima, sauran hannun ya zauna banza. In hutar da yatsan, in dinga matsa ƙwallon roba a hankali. Daga aljihunshi ya hiddo ƙwallon.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Dangi sun yi mana gayya, hatsi ya shiga rumbu. Ni ruwa na raba. Na ji kunya, amma Kawu Alhusaini ya zaunar da ni gefenshi, ya nuna mani yadda ake danne dami da gwiwa kafin a ja. Biyu na ɗaure. Ɗaya ya kwance.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Yau ni na ɗaga Baba zuwa wanka, hannuna bai yi rawa ba. Ya ce, "To, Mahdi, madalla." Shi ke nan abin da ya ce. Alhamdulillahi.
Abokina Nazir ya kira daga Madawa, wai gasar ƙwallon bidiyo ranar Lahadi, ba su da gwani kamata. Na ce sai mun gama yaɓen rumbu.
Tun shekaranjiya munka gama shi.