Ki Hau Soro Gobe, Turai

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farko na damina, farin watan unguwar Mandawari, Turai 'yar Malam Isyaku, wadda in ta yi murmushi nake manta yunwa, in ta ɗaure fuska tuwo ya zame mini tsakuwa! Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwar mai ƙishi ga rijiya.

Daga gareji nake rubuto miki, nan wajen Ƙofar Nassarawa, bayan la'asar, takarda a kan gwiwata, ina zaune a inuwar motar da ta jawo mini fushinki. Ƙanwata Luba ta dawo mini da turaren da na aiko miki, ko murfinsa ba ki taɓa ba. Ta ce kin ce ba ki da magana da mutumin da zai zo gobe ya rushe ƙofar gidan ubanki. Wayyo Turai! Ni? Ni Mika'ilu, da nake cire takalmi tun daga bakin lungunku don ganin girman Malam? Ashe har akwai bakin da zai faɗa miki haka ki yarda, ba ki ji ta bakina ba? Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, in ya so sai ki yanke mini hukunci.

Kin san shekara da shekaru ina bin maigidana Ado direba a matsayin yaron mota. Ni ne ɗaukar wejin tokare taya, ni ne jan sarƙa, ni ne ɗaurin tamfol, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni, ban taɓa ƙosawa ba, domin ke nake hangowa a ƙarshen kowace hanya. A satin nan Alhaji Gambo mai motocin ya kira ni ya danƙa mini makullin tirela, irin mai shimfiɗaɗɗen bayan nan marar bango, ya ce na zama direba. Na ce yau kam iyayena sun samu bakin zuwa gaban Malam, tunda sharaɗinsa ke nan, in riƙe sana'ata da hannuna. Na zaci siminti za a ɗora mini zuwa Maiduguri, ko rodi zuwa Sakkwato, in je in dawo miki da tsaraba. Ina! Lodina na farko a duniya, taransufoma ce, kuma unguwarku za a kai ta.

Tun da soja suka koma bariki, duk wanda aka zaɓa so yake a ga aikinsa da ido. Sabon kansilanku ya yi alkawarin dawo muku da wuta, yana kuma son a shigo da abar gobe da hantsi, da kiɗa da guɗa, kowa ya shaida. Ban ƙi ba, ni ma ina son ki daina hura fitilar ƙwai hayaƙi yana sa idanun nan naki ja. Amma lungunku ba shi da wurin juyawa, dole da baya zan shiga, kuma a daidai kwanar, nan dakalin Malam yake. Matasan kansila sun ce a fasa shi da diga, daga baya a gina masa na siminti. Malam kuwa ya ce mahaifinsa ne ya gina shi, a kansa ake ɗaukar karatu tun kafin a haifi kansilan, kuma ya rantse gobe a kai zai zauna da carbinsa, ko mota ko diga sai dai su same shi a nan. Kin fi ni sanin Malam in ya rantse.

Na je wa Alhaji Gambo da maganar, ya ce ko in shigar da kayan ko in ajiye makulli, direbobi ga su nan kamar jamfa a Jos. Gaba kura, baya sayaki! Da na ajiye, wa kike zaton za a ba? Wanda bai san dakalin ba, bai san wadda take fitowa ta zauna a kansa ba, wanda zai kashe mota ya jira masu diga su share masa hanya. Shi ya sa na karɓa, Turai. Na karɓa ne don kada wani ya karɓa.

Yaya za a yi in bari a taɓa dakalin nan? Kin manta yammacin da hadari ya haɗo muna zaune a kansa, ke a can ƙarshe, ni a nan ƙarshe, kina murza gefen gyalenki ruwan ƙwai? Daga gareji na taho kai tsaye don ɗoki, ban ko wanke hannu ba. Da na dafa zan tashi, sai ga shatin tafina baƙi ƙirin da baƙin mai a kusurwar dakalin. Kunya ta kama ni, na ɗebi ƙasa zan goge, kika ce in bar shi, ai ko ba komai kin samu abin da za ki riƙa gaisarwa in na yi nisan kiwo. Sannan kika yi dariya kika ce ba ki taɓa ganin saurayin da ke sa hannu a bango maimakon takarda ba. Ruwa ya sauko, kika ruga zaure, ni kuwa na tsaya ya jiƙa ni sharkaf ina ta washe baki kamar gonar auduga. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, shatin nan yana nan bai goge ba. Shi zan sa wa ƙarfe?

Yau da sassafe na je da igiya na auna lungun, na dawo na auna motar, na sake komawa na auna. Za ta wuce, hasken raina, wallahi za ta wuce ba tare da ta taɓa komai ba! Amma abin da zai rage tsakanin ƙarfen wutsiyarta da kusurwar dakalin bai fi faɗin tafin hannunki ba. Ga ƙasa ta sha ruwa, taya na iya zamewa. Ga ni sabon hannu, ban taɓa yin ribas da lodi a wuri mai matsi haka ba sai Ado na gefena. Ita kuwa tirela in tana baya, taurin kai gare ta, in kana son wutsiyarta ta yi dama sai ka karya sitiyari hagu, in ka makara kaɗan ta naɗe. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, da zarar ta karya kwanar, madubi ba zai ƙara nuna mini wutsiyar ba. Daidai inda Malam zai miƙe ƙafafunsa, nan ne ba zan gani ba.

Za ki ce ai akwai masu duba mini. Haba Turai, kin san mutanen birni! Ranar da mota ke baya kowa direba ne. Wannan ya ce taho, wancan ya ce tsaya, ga kalangu, ga guɗa, ga matasan da ko na goge dakalin murna za su yi. Muryar wa zan bi? Wuri ɗaya ne tak ake ganin ƙarfen da dakalin a lokaci guda, kuma ni ma ina hango shi ta tagar mota: saman soronku, kusa da zankon da ke kan zaure. Gidan Malam kuwa ba a shiga. Ba namijin da zai taka tsanin soron nan, ko Ado, ko kansila, ko ni. Matan gida ne kaɗai ke hawa shanya.

To ga roƙona, ya ke wadda numfashina ke hannunta. Gobe da hantsi ki ɗauki wanki ki hau soro, ki yafa gyalen nan ruwan ƙwai. Ki tsaya a jikin zanko ki ɗaga gefensa sama. Muddin yana sama, zan riƙa tahowa a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Ki kafa idonki a kan shatin hannuna. In kika ga ƙarfe ya doshe shi, ki saki gyalen, ni kuwa kafin ya sauka a kafaɗarki na take birki, in ja gaba in sake gyarawa, ko sau nawa ne. Ba zan saurari kowa ba, ba zan kalli kowa ba. Kada tausayina ya sa ki jinkirta, kada tsoro ya sa ki rufe ido. Ƙafafun mahaifinki ne a ƙasa, ba na wani ba.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Na san in Malam ya ɗaga kai ya gan ki, sai kin sha tambaya. Amma wa nake da shi in ba ke ba? Idon wa zan ara in ba wanda ya saba karanta fuskata tun kafin in buɗe baki ba?

In kuwa na iso bakin lungu na ɗaga kai ban ga ruwan ƙwai a jikin zanko ba, ba zan ga laifinki ba, kuma motar nan ba za ta ƙara ko taku ɗaya ba. Zan kashe ta, in sauko, in miƙa wa Alhaji Gambo makullinsa a gaban jama'a, in koma ɗaukar weji in har an bar ni. Sannan in cire takalmina, in gaida Malam, in zauna kusa da shi a kan dakalin, hannuna a kan shatin nan. Mai diga sai ya fara ta kaina.

Ko a bayan sitiyari ko a kan dakali, gobe a ƙofar gidanku za ki same ni. Ke ce za ki zaɓa mini wurin zama.

Naki jiya, naki gobe, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Mika'ilu