Baba Ya Matse Mini Fiffiken Jirgi

Assalamu alaikum, Yaya Usman.

Ina gajiya, yaya aiki da zaman baƙunta? Yaya Zainabu da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, dawa ta fara fid da kai a hawasha, gonarmu ta ban-ruwa.

Ƙaramin jirgin saman da na haɗa don gama karatu, shi zan nuna wa masu feshin auduga ranar Alhamis, ko Allah zai sa su ɗauke ni aiki. Shekaranjiya ina cikin ɗora fiffike na fita alwala. Da na dawo sai na tarar da Baba riƙe da mufak, wato sukudireban da yake kwance injin ban-ruwa da shi. Ya ce, "Injiniya, ɗaurinka sako-sako ne, iska za ta kwashe. Na matse maka."

Yaya, ƙusoshin fiffiken nan sai mufak daidai bakinsu, a danna sosai, a murɗa a hankali, da sun kama a tsaya. Biyu kansu ya cinye, ya zama rami sumul. Fiffiken hagu ya kafe a karkace, ya ƙi kwantuwa. Na ɗora roba a ramin na murɗa, bai kama ba. In yanka tsaga a kan ƙusoshin da zarto? Ina tsoron tsage fiffiken. Ka amsa mini kafin Laraba.

In kun yi waya da Baba, don Allah kada ka tayar masa da zancen. Ya gaya wa duk masallaci akwai hannunsa a jirgin, har ya ba da jallabiyarsa wanki, wai zai raka ni.

A sa ni a addu'a. Ka gai da Kawu Bello da kowa.

Ƙanenka,
Haruna
Wad Haddad