Minsharin da ba na barci ba ne

Gwaggo, ki taimaka min, magana ta tsaya min a maƙoshi.

Yayana ya faɗo daga tsani, kafaɗarsa ta goce. Na rufe shago, ni da matarsa muka kai shi sashen gaggawa. Suka yi masa allurar barci, suka mayar da kafaɗar, suka maƙala masa ɗan abin nan a yatsa, mai sa na'ura ƙara in iska ta yi wa mutum kaɗan. Ana haka aka shigo da wani jina-jina. Nas ɗin da ke kula da Yaya ta ce mu kira ta da mun ji ƙara, ta ruga wurin wancan.

Yaya ya fara minshari, na'ura ta ɗauki ƙara. Matarsa ta yi dariya, wai haka yake hana ta barci tun aurensu, na'urar ce ba ta san halinsa ba. Ta zare abin kada ya tashe shi. Na ce a kira nas, ta ce me gwauro ya sani a kan minshari? Na dai kirawo ta. Ta tarar leɓɓansa sun yi baƙi, ta ɗaga masa haɓa, ta dinga matsa masa iska har ya dawo.

Yanzu ya warke, an cika masa kunne wai nas ce ta kusa kashe shi. Ya kai ƙara, so yake a kore ta, ni ne kuma shaida. Matarsa tana matsar ƙwalla a gabansa, ni kuwa kullum ta aiko min da abinci. A kasuwa na girma, Gwaggo, na san toshiyar baki ko a kwanon tangaran ta zo. In na faɗa, ni ne mai raba aure. In na yi shiru, wadda ta ceci ransa ta rasa aiki.

Ƙanin Mai Minshari

Ɗana,

Minsharin wanda aka yi wa wannan allura ba hutu ba ne, sau da yawa hanyar iska ce ke toshewa. Matar yayanka ba ta san haka ba. Tausayi ne ya sa ta zare abin, tsoro ne ya sa ta yi shiru. Nas ɗin ma da nata: ba a barin irin wannan majinyaci a hannun dangi, kuma ya kamata asibitin ya amsa dalilin da ya sa mutum ɗaya ke tsaron gado biyu.

Amma shaidar zur ba ta cikin haƙƙin zumunci. Ka sami matar yayanka, ka gaya mata za ka faɗi duk abin da ka gani, gara Yaya ya ji daga bakinta tukuna. Aure zai iya jure kuskure, ƙarya ce ke cinye shi.

Kwanon abincin nan kuma, ka mayar mata da shi a rufe. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya, ya ba ka ƙarfin hali.