Gyambon Kyanwata

Ɗiyata,

Barka da sauka lafiya. Ya ƙarfin jiki? Tun da hoton jikata ya iso bakina ya ƙi rufuwa, har kyanwar ɗakina na nuna wa amaryar tawa.

Kyanwar ce ba lafiya. Na ɗauka faɗa ne ya fasa mata hanci, ina shafa mata maganina. Likitar dabbobi ta ɗebi jininta, ta kankari gyambon, ta ce cutar cizon wani mitsitsin ƙwaro ce. Sai ta ce, "Baba, kai me kake shafa wa?" Na naɗe hannun riga, na nuna mata nawa gyambon. Ta tura ni gwaji.

Ba wani abu ba ne, ina zuwa aiki. Tahowata dai sai sakamako ya fito. Allah ya raya ta, ya sa in ɗauke ta da wannan hannun.

Babanki