Kalmarka Ta Rage, Umaru

Kalgo, 9 ga Sha'aban, 1954

Zuwa ga ɗana Umaru a Kumasi, daga Innarka Delu, matar mahaifinka. Gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ban taɓa gani ba. Allah Ya tsare ka a ƙasar mutane, amin. Ƙanwarka Binta na Gwandu lafiya, ta sami ɗiya mace. Baffanka Hassan ma lafiya, sai ciwon gwiwa. Ni kuwa ina cikin takaba, ba na fita, don haka ta bayan asabari nake faɗa, limamin unguwa yana rubutawa. In ka ga magana ta hau kan magana, laifina ne, ba nasa ba.

Na san saƙon rasuwar mahaifinka ya iske ka, wata uku ke nan. Abin da ba ka ji ba shi ne wasiyyarsa. Kwana biyu kafin ya cika ya sa aka kira mutum biyu daga masallaci, ya ce su shaida gidan nan ya bar mini, tunda ban haifa ba, kuma a garinmu Dalijan ba wani nawa da ya rage sai kaburbura. Ka san mahaifinka, masunci ne, ya san ruwa amma bai san littafi ba. Ya rasu yana murna ya rufa mini asiri.

Makon jiya baffanka ya kai shaidun gaban alkali don a tabbatar da wasiyyar. Suka faɗi abin da suka ji, ba ragi ba ƙari, alkali ya gaskata su. Sannan ya ce ba a yin wasiyya ga mai gado, ni kuwa mai gado ce, rabona tumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Wasiyyar ba za ta tsaya ba sai sauran magada sun yarda da bakinsu. Baffanka ya dawo ya gaya mini. Na tambaye shi yaya ake yanka gida takwas, rumbu za a ba ni ko turken akuya? Ya ce ba a yankawa, sayarwa ake yi a raba. Har wani mai fataucin kifi ya zo ya leƙa ɗakuna, ina zaune a kan tabarmar takaba yana ƙwanƙwasa azara.

Binta ta hau jaki tun daga Gwandu da jego a jikinta, ta faɗa wa alkali ta yafe nata. Baffanka ya ce shi ba ya yafe abin da ba nasa ba, kuma gaskiyarsa. Kai ka rage. Alkali ya yi mini adalci, ya ce zai jira har kwana bakwai bayan ƙaramar Salla. In ba a ji daga gare ka ba, za a sayar a ajiye maka rabonka.

Umaru, na san da wane ido kake kallona. Shekara tara ke nan, ni na gaya wa mahaifinka kai ka sayar da komarsa ta kamun kifi, ya kore ka, ina tsaye bakin murhu ban ba shi haƙuri ba. Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Na yi kuskure, kuma na yi kukansa fiye da yadda za ka yarda. Ba zan jera maka goyo da tuwo ba, wannan tsakanina da Allah ne. Tsoro nake ji, shi ke nan. Na tsufa, idona ya fara hazo, a gidan nan kaɗai nake iya zuwa randa ba a riƙe mini hannu ba.

In ka yarda, ka je wurin malami a zangonku, ka faɗa gaban mutum biyu, a rubuta da sunayensu, ka ba direban motar goro da ya kawo maka wannan. Kada ka jira mota ta gaba, kwanakin ba za su kai ba. In kuma ba ka yarda ba, shi ma ka rubuto, ya fi mini wannan zaman sauraron.

Ka gaida matarka da yara. Binta da baffanka Hassan na gaishe ka, haka Zulai maƙwabciya, wadda ke kawo mini ruwa. Liman ya ce in ƙara da cewa gidan zai zama nawa halak malak. Na ce a'a, ya rubuta yadda na faɗa: ba gida nake roƙo ba, aro nake roƙo. Ka bar ni a ɗakina har a fitar da ni ta zauren da aka fitar da mahaifinka, sannan ka zo ka ɗauki abinka.

Wassalam. Ni ce Innarka,
Delu