Cibiyar Tadeo Tana Nan Cikin Gwangwani

Madera, Kalifoniya
Farkon Oktoba

Zuwa ga ƙanena Nicanor,

"Yaya, kafin cibiyar yaron nan ta faɗi na zaɓa mana gari. Ku fara ɗaure kaya." Maganarka ce wannan, ba tawa ba. A ƙofar asibiti ka faɗe ta ranar da 'yata Yesenia ta haihu, ka dafe hularka a ƙirji kamar mai rantsuwa gaban alƙali. To, cibiya ta faɗi tun bara. Tadeo ya yi haƙora, yana tafiya, shekaranjiya ma ya ciji maƙwabciya. Kaya kuwa mun ɗaure, mun kwance, mun sake ɗaurewa, har kwalayen sun fara gajiya da mu.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Allah ya tsare ka a kan rufin gidajen mutanen Florida da kake gyarawa, ya kare ka daga zamewa da zafin rana, ya kuma buɗe maka kunne. Mu nan alhamdu lillahi, da sauƙi. Yesenia na nan tana aikinta a kantin magani. Ni ina ɗakin wanki na asibiti kamar kullum, gwiwar nan ta hagu tana gaishe ni kowace safiya. Mama tana cin abinci, tana zuwa coci, amma mantuwa ta ƙaru. Wani lokaci da sunan ƙanwarta take kira na. Na rubuto a takarda ne don na san yadda kake yi da saƙon waya: ka saurara, ka aiko hoton babban yatsa, ka mai da wayar aljihu. Ita takarda sai ka nemo inda za ka ɓoye ta.

Ka san an sayar da ginin da muke haya. Sabbin masu shi za su rushe shi su yi wurin ajiye motoci, sun ce kowa ya tashi kafin sabuwar shekara. Ka kuma san dalilin da ya sa muke jiran ka. Ba don ka fi kowa hankali ba ne, Auta. Kai kaɗai ne a gidan nan kake da takardun da mai gida zai gani ya miƙa mabuɗi ba tare da dogon bincike ba. Shi ya sa muka ce ka je ka duba garuruwan nan biyu, San Antonio da Chicago, ka dawo mana da ɗaya. Ka je. Ka sake zuwa. Ka dawo mana da hotuna.

Daga Chicago ka aiko hotonka a bakin tafki, ka ce albashi ya fi kyau, ga unguwannin mutanenmu, ga gwamnatin gari ba ta cika damun irinmu ba, sai dai sanyin zai kashe Mama. Daga San Antonio ka aiko hotonka kana cin tamal, abincin masara irin na gida, ka ce ko direban bas da yarenmu yake zagi, Mama za ta yi ciniki a kasuwa ba tafinta, sai dai kuɗin aiki kaɗan ne, kuma hukumar jihar tana da zafi a kan marasa takardar zama a ƙasa. Duk gaskiya ka faɗa. Amma kowane wata sai ka ɗauko ɗayan ka yaba, ka kushe ɗayan, wata na gaba ka juya. Ko mai neman aure ba ya jan rai haka.

Ni ma ban zauna ba. Kafin in zama mai wanke zanen gadon marasa lafiya malamar makaranta ce ni, ko ka manta? Na kwaso duk abin da ɗakin karatun garin nan yake da shi a kan garuruwan biyu, na karanta tarihinsu, da ruwan samansu, da makarantunsu, har matar da ke ba da aron littattafai ta tambaye ni ko jarrabawa zan rubuta. Abin da na samo bai wuce wannan ba: ko'ina akwai abin tsoro, ko'ina kuma akwai mutanen da suka riga mu isa, suka soya wake, suka aurar da 'ya'ya. Ba littafin da zai zaɓa wa mutum. Na gaji, Nicanor. Ba gajiyar aiki ba, wannan na saba da ita. Gajiyar kwana a gidan da ka cire hotuna daga bango kana kallon ƙusoshin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Cibiyar Tadeo tana hannun Mama tun ranar da ta faɗi. Ta naɗe ta a auduga, ta sa a tsohon gwangwanin man zafi, tana yawo da shi a aljihun rigar girkinta. Ta manta sunana, amma ba ta manta gwangwanin nan ba. Ta ce ba za a binne cibiyar angonta, haka take kiran yaron, sai a inda za mu zauna, don yaron da ba a binne masa cibiya ba ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Da na ji haka na ce mata lallai taka kare ne ya tone ta. Ta yi dariya har da tari, ta ce in bar mata autanta.

Ranar Lahadin da ta wuce na fito wanka ban gan ta ba. Na same ta a bayan gini, kusa da inda ake zuba shara, ta durƙusa da cokalin miya tana haƙa 'yar ƙasar da ke gefen siminti. Gwiwoyinta duk sun kuje. Ta riga ta buɗe gwangwanin. Da ta gan ni sai ta tsaya, ta dubi ginin, ta dube ni, ta tambaye ni wai nan ne gidanmu ko ba nan ba ne, don ta manta. Na ɗaga ta, na rufe gwangwanin, na ce mata tukuna. Ta ce in gaya wa Auta ya yi sauri, hannunta ya fara mantuwa da haƙa.

Na kira ka a ranar, ba ka ɗauka ba. Washegari ka aiko saƙon murya, kana dariya, wai mu ajiye cibiyar kawai, in mun koma gida ma binne ta a gindin gwabar da aka binne namu. A nan ne na gane ciwonka. Ba sanyin Chicago ke hana ka ba, ba kuma albashin San Antonio ba. Kai dai ba ka so ka sa hannu a kan cewa mun zo ke nan. Muddin ba ka zaɓa ba, baƙi ne mu masu shirin komawa ƙasarmu, can jihar Michoacán, kamar yadda muke gaya wa kanmu tun gashinmu yana baƙi.

To, bari in taya ka. Kai kaɗai ka je jana'izar Baba, don kai kaɗai kake iya fita ka dawo. Da idonka ka ga an sare gwabar, ka ga filin gidan ya zama wurin facin taya. Ba ka gaya mana ba, a bakin 'yar kawu na ji. Ban riƙe ka da wannan ba, na san tausayin Mama ka ji. Amma kada ka sake yi mini alkawari da bishiyar da ka san an yi girki da ita. Yesenia ba ta tuna ƙauyen ba. Tadeo bai san shi ba. Ni kuma in na fita ƙasar nan, ba zan sake ganin su ba sai a waya.

Da na zayyana wa Mama garuruwan biyu, ba ta tambayi albashi ko makaranta ba. Tambaya ɗaya ta yi, wai a wanne ne ƙasa take haƙuwa. Na koma na duba. A Chicago in hunturu ya shiga, ƙasa daskarewa take kamar ƙarfe sai bazara. A San Antonio kuma wurare da yawa in ka ɗan tona sai ka ci karo da farin dutse. Ka ga ba wadda ta shimfiɗa mana tabarma. Amma dutse yana jin diga a kowane wata, ita kuwa bazara ban da tabbacin Mama za ta san mu in ta zo.

Obdulia, wadda ta riƙe Yesenia ranar baftisma, tana da ɗan gida a bayan nata a San Antonio. Ɗaki biyu ne, rufin yana yoyo, mu huɗu za mu matsu, amma ba ta neman takardar kowa, kuma akwai fili da bishiyar lemun tsami. Da sa hannunka da mun sami wanda ya fi shi. Ba shi ma za mu rayu.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa hula. Yesenia tana gaishe da kawunta. Tadeo bai san ka ba tukuna, don haka bai aiko komai ba. Ka gaishe mini da Fidencio abokin aikinka da matarsa, ka ce na gode da za su miƙa maka wannan hannu da hannu.

Na ba ka zuwa ranar tunawa da matattu, biyu ga Nuwamba. In ka zo kafin nan da sunan gari ɗaya a bakinka, ko da Chicago ne, za mu bi ka, in nemo wa Mama bargo, in fasa ƙanƙarar da hannuna. In ba ka zo ba, za mu kunna wa Baba kyandir a nan karo na ƙarshe, washegari in sa hotonsa a jaka, in sa Mama a mota, mu nufi San Antonio. Digar ma na riga na saya, tana jingine a bayan ƙofa. Ni zan fasa dutsen, Mama ta sa cibiyar da hannunta tun tana sanin abin da take yi. Daga nan duk wanda ya tambayi Tadeo garinsu, yana da amsa. Kai kuma in ka gama zaɓe, ka zo da tsaninka, akwai rufin da ke jiran ka.

Yayarka, wadda ta goya ka,
Eulalia