Bokitin da Nake Jiƙa wa Mijina Gero

Anti mai wannan shafi, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, ina gaida masu karatu, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Don Allah kada a sa sunana. Duk wanda zai ce min ai ke kika jawo, ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin babu zagin da zai yi min wanda ban riga na yi wa kaina ba. Daga Greensboro nake rubutowa, a Amurka, kuma saura mako biyar a zaunar da ni gaban lauyoyi in ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki. Tun da aka sa ranar, ko abinci ba ya min daɗi.

Mijina, bari in kira shi Baban Ladi ko da yake ba sunan 'yarmu ke nan ba, karatun noma ne ya kawo shi ƙasar nan, ni kuma na biyo shi da goyo. Da karatu ya ƙare aikin ofis bai samu ba, sai ya shiga wani kamfani mai kula da gonaki da filayen dawakai a wajen Summerfield. Aikinsa feshi ne. Ya goya tanki a baya, ya bi shinge yana fesa maganin kashe ciyawa tun safe har la'asar, shekara goma sha ɗaya yana wannan. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. In ya dawo, a gareji yake tuɓe kayan aiki ya ƙulle su a leda, ranar Asabar ya kai su gidan wanki na inji da kansa. Ban taɓa wanke masa ko safa ta aiki ba. Yara su rugo su tare shi, ya ɗaga hannu ya ce su tsaya sai ya yi wanka. Ranar da kamfani ya ba shi a-kori-kura yana zuwa da ita gida, ya kira ni ya nuna min bayanta ya ce, “Maman Ladi, duk abin da kika gani a nan, ko zinariya ce, kada ki taɓa.” Na ce to, har ina tsokanarsa wai ko wata ya ɓoye a ciki.

To ni kuma ga halina: ba na iya yar da abu. A gidan da na tashi gwangwanin madara ma sai ya yi aiki uku kafin ya huta. Na zo ƙasar da ake zubar da kujera don ƙafarta ɗaya ta yi lanƙwasa, kullum ina ce wa matan cocinmu mutanen nan Allah zai tambaye su. Muna zaune a wani ɗan gida a McLeansville lokacin, kuma ina fama da rashin abin jiƙa gero, tukwanena duk ƙanana ne. Wata Asabar wani ɗan'uwa ya zo ya ɗauke shi zuwa taron maza a coci, motar aiki tana tsakar gida. Na leƙa. Jarkoki farare masu kauri, babu komai a ciki, an jera su za a mayar wa kamfani. Na tsaya ina kallonsu ina cewa a raina, wannan a kasuwarmu ai sai an yi rububi. Na ɗauki ɗaya, na sa wuƙa na yanke samanta ta zama bokiti, na ɓare takardar jikinta. Za ku tambaye ni ko ban ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a takardar ba? Na gani. Ba zan yi muku ƙarya ba, na gani da idona, kuma na iya karatu. Amma na ce ai a gida a irin waɗannan ake zuba manja da ruwan sha, wa ya mutu? Na wanke ta da garin sabulu da tafasasshen ruwa sau ba adadi, na shanya ta kwana uku a bayan gida inda ba ya zuwa, na shinshina ban ji warin komai ba.

Washegarin ranar da na ɗauka, bayan mun dawo daga coci, na gan shi tsaye a bayan mota yana ƙirga jarkoki da yatsa. Ya ce, “Shida na ɗoro, biyar nake gani.” A nan ne ya kamata in buɗe baki. Me zai yi min? Faɗa ne kawai zai yi, ya ƙwace, shi ke nan. Amma na san irin kallon da zai yi min, sai na ce wataƙila ta faɗi a hanya. Bawan Allahn nan ko rigar coci bai cire ba, ya shiga mota ya bi hanyar Summerfield a hankali yana duba gefen titi, bai dawo ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ina ganin haka na san bakina ya riga ya rufu. Bayan mako biyu ya ga farin bokiti a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya tambaya, na ce a shagon da nake sayen gero a High Point Road aka ba ni, na man girki ne. Ya ce madalla, ya wuce.

Shekara bakwai a cikin bokitin nan nake jiƙa gero. Kwana biyu a ruwa, in wanke, in niƙa da citta da kanumfari, in tace, in mayar da shi cikin bokitin ya kwanta ya yi tsami. Kowace safiya in dama masa koko kafin ya fita. Kuma shi kaɗai yake sha. Yara ba sa so, sun fi son abin nan nasu na kwali da madara mai sanyi, in na matsa wa Ladi sai ta yatsine fuska ta ba ni amsa da Turanci. Ni kuma gyambon ciki ya hana ni abu mai tsami tun ina budurwa. Shi kuwa har fariya yake yi a coci, wai shi kaɗai ne a Greensboro yake karyawa kamar yana gida. Mata suna tambayata sirrin, ni kuma ina fasa kai.

Shekara biyu da suka wuce muna tsaye a coci muna waƙa, na ga littafin waƙoƙi yana kaɗawa a hannunsa na hagu. Na ce sanyi ne. Daga nan rubutunsa ya ƙanƙance, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskar da ke cike da dariya ta daskare, mutane suka fara tambayata ko mun yi faɗa ne. Maɓallin riga ya gagare shi. Likitan jijiyoyi ya ce cutar Parkinson ce, ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu, kuma ya yi mamakin ganinta a mutumin da bai kai hamsin ba. Tambayarsa ta farko ita ce wane aiki yake yi. Bayan ya bar aiki muka ji cewa wani Bature da suka yi feshi tare shi ma hannunsa ya fara rawa, kuma ta wurinsa ne muka samu lauya, wata mata doguwa mai fara'a. Ta shigar da ƙara a kan masu yin maganin da kamfanin da ya sa su feshi ba tare da kayan kariya na kirki ba. Ta ce in an yi nasara za a samu abin kula da shi har ƙarshen ransa, domin ranar tana zuwa da ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba. Duk tsawon wannan lokaci, Anti, ko sau ɗaya bokitin bai zo min a rai ba. Na ci gaba da dama masa koko, har ina ƙara yawa don ya samu ƙarfi.

Makon jiya muka je ofishinta don ta shirya ni. Ta ce lauyoyin ɗaya ɓangaren za su rantsar da ni, wata mata tana buga duk kalmar da ta fita bakina, kuma abin da za su nema shi ne su nuna sakacinsa ne, ba laifinsu ba. Sai ta tambaye ni kai tsaye ko wani mazubin maganin ya taɓa shiga gidanmu. Kafin in yi numfashi Baban Ladi ya juyo, da muryar nan tasa da yanzu sai ka kasa kunne, ya ce, “Faɗa mata, Maman Ladi. Ke ce shaidata.” Na ce a'a, bai taɓa shiga ba. Ta yi murmushi ta ce haka take so in faɗa ranar. Sannan ta turo min hoton jarkar, ta sa biro ta nuna ƙasanta, ta ce masu maganin za su kafa hujja da wannan: akwai gargaɗi da aka zana a jikin robar kanta, wanda ba ya ɓaruwa ba ya wankuwa, cewa kada a sake zuba komai a ciki har abada. Ta ƙara da cewa kada mu yar da komai da ya shafi aikinsa, ko tsohon takalmi ne, domin ɓatar da shaida laifi ne babba.

A mota ni nake tuƙi tunda shi ya daina, har muka fita gari. Can ya ce, “Ni dai ko mun faɗi a kotun nan, abu ɗaya nake gode wa Allah. Ban kawo muku dafin nan gida ba.”  Ya ce, “Kin tuna jarkar nan da ta faɗi a hanya? Har yau tana damuna. Ina sa ta a addu'a, kada wani talaka ya tsinta ya zuba ruwan sha.” Yadda na kawo mu gida ban buga wa kowa mota ba, Allah kaɗai ya sani. Da ya kwanta hutun rana na shiga kicin. Gero yana jiƙe a cikin bokitin a ranar. Na juye shi, na kifa bokitin, ga rubutun nan ɓaro-ɓaro. Shekara bakwai yatsuna suna bi ta kansa duk wanki, ban taɓa tsayawa na karanta ba. Na zauna a ƙasa na toshe bakina da zane don kada ya ji.

Na buga waya asibiti na ce wata ƙawata ce ta yi haka. Nas ɗin ta ce roba tana iya shan magani ta riƙe, amma babu mai iya cewa komai sai an kawo mazubin an gwada, kuma ta ce ƙawar tawa ta gaya wa likita da gaggawa. To shi ne feshi ne ya kama shi, ko kokona ne, ko duka biyun? Baturen nan ai bai sha kokona ba, da wannan nake lallashin kaina, amma lallashin ba ya kai ni ko'ina. Yanzu bokitin yana but ɗin motata, naɗe a tsohon zane. Sau biyu na kai shi har bakin juji, sau biyu na dawo da shi.

Tsoro nake ji, Anti, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. In na faɗi gaskiya, lauyoyin nan za su yi tsalle a kai, ƙarar ta rushe, wa zai kula min da shi? Wataƙila har ta Baturen ta taɓu, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Labari ya kai gida, danginsa ba za su ce kuskure ba ne, cewa za su yi na ba shi guba. A ƙasar nan ma ban san ko kama ni za a yi ba. Duk wannan da sauƙi a kan in dubi fuskarsa in gaya masa. Mutumin da ciwo ya ƙwace masa aiki da tuƙi da rubutu, abu ɗaya ya rage masa da yake taƙama da shi, ni zan karɓe da bakina? In kuma na yi shiru, in ɗora hannu a kan Maganar Allah in yi ƙarya yana zaune a gefena yana gyaɗa kai? In akwai abin da likita zai iya yi masa da ya sani fa? Ga matar fastonmu kullum tana cewa a yi koyi da ni wajen jinyar miji. Ranar Lahadi da aka zo da Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, na bar shi ya wuce ni, da ta tambaya na ce mata cikina ne.

Na sayi sabon bokiti a kanti, da takardarsa da komai. Yau da safe na dama masa koko daga ciki, na zauna ina ba shi da cokali saboda kofi ya fara zubewa a hannunsa. Ya sha uku ya tsaya, ya dube ni ya ce, “Maman Ladi, kokon nan ya canza. Ina tsohon bokitinki? Ki koma masa mana, shi ya san hannunki.” Na ce masa ya tsage ne. Ƙarya ta huɗu ke nan da na yi a gabansa.

Ban gaya wa kowa ba sai ku. In fara gaya masa ne, ko lauya, ko likita, ko in kai bokitin juji in tafi da maganar kabarina? Ku iyayena ne da 'yan'uwana, saura mako biyar. Don girman Allah, me zan yi?